Faɗuwa Iri Biyu: Sharhi a kan Fim ɗin Mid90s

Labarin yana buɗewa ne da wani siririn lungu na cikin gida, shiru, babu kowa. Kafin ido ya gama sabawa da wurin, sai ga wani ɗan yaro ya faso a guje ya bugu da bango, wani babba ya biyo shi ya danne shi a ƙasa yana kai masa naushi. Ba a faɗa mana laifin da ya yi ba, kuma har fim ɗin ya ƙare ba za a faɗa ba. Hoto na gaba yaron ne tsaye gaban madubi yana duba shatin dukan a ƙirjinsa, sa'an nan ya sa yatsa ya danna wurin da ke ciwo. Wannan danna ciwo da hannun kai shi ne ya tsayar da ni tun a kallon farko, domin ina ganin duk abin da fim ɗin yake son faɗa yana ƙunshe a cikinsa.

Ya kamata in bayyana inda na tsaya tun da wuri. Ban taɓa ɗora ƙafata a kan allon zamiya ba, kuma titunan da na tashi a cikinsu yashi ne da kwata, ba su da santsin da ƙananan tayoyi za su gudu a kai. Amma ni wa ne ga wani, shekara biyar na ba shi, daidai tazarar da ke tsakanin 'yan'uwan nan biyu na cikin fim. Na san nauyin hannuna a bayansa lokacin da muke yara, na kuma san yadda yake dawowa bayan minti goma ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina yana cewa, "Yaya, in shigo?" Saboda haka ban kalli wannan fim da idon ɗan kallo ba. Na kalle shi ne a matsayin wanda ake tuhuma.

Mid90s, wato tsakiyar shekarun 1990, ya fito a 2018. Shi ne fim na farko da Jonah Hill ya rubuta kuma ya ba da umarni, bayan ya daɗe da yin suna a matsayin ɗan wasan barkwanci. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a watan Satumba na wannan shekara, kamfanin A24 ya fitar da shi kasuwa a watan Oktoba. Gajere ne, bai cika awa ɗaya da rabi ba. Hill haifaffen Los Angeles ne na 1983, don haka shekarunsa sun yi daidai da na jarumin labarin a zamanin da ake magana. Jarumin shi ne Stevie, ɗan shekara 13, wanda Sunny Suljic ya fito a matsayinsa. Yana zaune da mahaifiyarsa Dabney da wansa Ian, babu uba a gidan, babu kuma wanda yake ambatonsa.

Ga wanda bai san abin ba, allon zamiya wani ɗan katako ne mai lanƙwasa a gaba da baya, da ƙananan tayoyi huɗu a ƙarƙashi. Mutum zai tsaya a kai ya tura da ƙafa ɗaya, in ya gwanance ya riƙa tsalle da shi a kan matakala da dakali da ƙarfen riƙo. Masu hawan igiyar ruwa na Kalifoniya ne suka yaɗa shi, don su sami abin yi ranar da teku ya kwanta. A farkon shekarun 1970 aka sami tayoyin roba masu kama ƙasa, sai fari ya zo a tsakiyar shekarun ya bar tafkunan wanka na gidaje a bushe, yara suka riƙa tsallaka katanga suna zamiya a cikinsu. Da filayen wasan da aka gina suka riƙa rufewa a farkon shekarun 1980 saboda tsadar inshora, sai wasan ya koma kan titi gaba ɗaya, ya zama na harabar makaranta da gaban kotu da bayan kanti, wuraren da maigadi yake korar mutum. Yau abin ya sauya. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, wata yarinya 'yar Japan, Momiji Nishiya, ta ci zinare a wannan wasa tana da shekara 13, sa'ar Stevie ke nan. Amma a zamanin da fim ɗin yake ba da labari, mai allo a hannu ɗan iskan gari ne a idon manya, kuma wannan ƙyamar ita ce rabin daɗin abin ga yaran.

Hill ya fahimci cewa Stevie ba allo yake nema ba da farko. Wansa yake nema. Da zarar Ian ya fita, bayan ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya shiga ɗakinsa, sai yaron ya shiga a hankali kamar mai shiga wuri mai tsarki. Yana shafa huluna da takalma, yana duba faya-fayen waƙa da aka jera, yana rubuta sunayensu a takarda. Daga baya muke gane dalili: so yake ya gano wanda babu a cikin jerin, ya saya wa Ian kyautar cika shekara 18. Ian ya buɗe kyautar ya ajiye gefe, ko kallon kirki bai yi mata ba. Daga wannan teburin cin abinci ne yaron ya fara neman wani wan a waje, ya kuwa same su har huɗu a wani kantin sayar da alluna da ke titin Motor: Ray, wanda ya fi kowa iyawa da hankali; amininsa mai dogon gashi, wanda laƙabinsa ashar ne da ba zai rubutu a nan ba, don haka zan kira shi da sunan ɗan wasan, Olan; wani shiru-shiru mai yawo da kyamara da suke kira Ɗan Aji Huɗu don suna ganin iyakar basirarsa ke nan; sai Ruben, ƙaraminsu, wanda ya jawo Stevie ciki kuma ya fara yin nadamar hakan.

Duk wanda ya taɓa zama ƙarami a gefen majalisar manya zai gane matakan shigar. Zama a nesa. Dariya ga abin da ba ka gane ba. Ranar da aka miƙa wa Stevie jarka aka ce ya ɗebo ruwa, gudu ya yi yana murmushi kamar an naɗa shi sarauta, domin aike shi ne shaidar farko cewa an san da zamanka. Ruben, wanda shi kansa bai daɗe da wuce wannan mataki ba, sai ya zama malaminsa, yana koya masa dokoki na ƙarya: kada ka yi godiya, godiya rashin mazantaka ce. Yaron ya haɗiye wannan karatu har ranar da Ray ya yi masa alheri, ya tsaya yana in-ina, yana tambaya ko an yarda ya gode. Ray ya yi mamaki, ya ce masa ai wannan ladabi ne kawai. Ƙaramin wuri ne, amma ya nuna yadda yara maza suke gadon dokokin da babu wanda ya san wanda ya kafa su.

A nan ne nake ganin ainihin ƙarfin fim ɗin. Wasan zamiya sana'a ce ta faɗuwa. Babu wanda ya taɓa iya tsalle da allo ba tare da ya sha ƙasa sau ɗaruruwa ba, kuma Hill ya ba wannan gaskiya haƙƙinta. Muna ganin Stevie da dare a ƙofar gida, shi kaɗai, a kan wani tsohon allo na yara da ya karɓa wajen Ian da musayar kayan wasansa, yana faɗuwa yana tashi, yana faɗuwa yana tashi, har daren da allon ya ɗaga daga ƙasa da ɗan taƙi kaɗan, ya yi ihu kamar ya ci duniya. Wannan faɗuwa ce mai koyarwa. Kowace ɗaya tana gyara masa tsayuwar ƙafa, kuma ciwonta kuɗin makaranta ne.

Akwai kuma wata faɗuwar. Wata rana yaran suka hau rufin wani gini inda akwai rata tsakanin rufi biyu. Ray da Olan suka tsallake. Ruben ya taho ya ja birki, don ya san iyakarsa. Stevie, wanda ko kusa bai kai nan ba, ya taho a hankali ba tare da gudun da zai ɗauke shi ba, ya zurma ta ratar ya faɗo a kan tebur, kansa ya fashe. Da ya buɗe ido jini na zuba, abin da ya tarar shi ne yabo. An ce masa mahaukaci, an ce masa jarumi, aka naɗe masa kai da riga, kuma daga wannan rana ya wuce Ruben a daraja. Bai koyi komai game da allo a wannan faɗuwa ba. Abin da ya koya shi ne jikinsa kuɗi ne da ake sayen ƙauna da shi, kuma wannan ciniki ya riga ya san shi tun daga lungun gidansu. Yaron da ya saba cewa hannun wansa ba ya taɓa shi sai da duka, ba zai yi mamakin a ce sai ya zubar da jini za a rungume shi ba.

Hill bai bar wannan a matsayin hasashe ba. Bayan Ian ya zuga shi sun saci dala 80 a ɗakin mahaifiyarsu, don ya sayi allon Ruben na hannu a kan dala 40, Stevie ya ɗauki burushin taje gashi ya riƙa gurza cinyarsa da shi har ta yi ja. Babu wanda ya kama shi, shi ya yanke wa kansa hukunci. Can gaba, bayan wani mummunan faɗa da Ian, ya naɗa wayar na'urar wasan bidiyo a wuyansa ya ja. Waɗannan wurare gajeru ne, babu kiɗan da ke umartar mai kallo ya ji tausayi, kuma babu wanda ya gan su a cikin labarin sai mu. Samarin kantin suna ganin yaro marar tsoro. Mu da muka bi shi har ɗaki mun san ba rashin tsoro ba ne.

Siffar fim ɗin ta taimaka wa wannan. Christopher Blauvelt ya ɗauke shi a kan zaren fim na milimita 16, a cikin hoto mai kusan murabba'i irin na tsohuwar talabijin, wato 4:3. Ana iya cewa kwaikwayon kaset ɗin zamiya na wancan zamani ne kawai, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma matsattsen hoton yana yin wani aiki daban: a cikin gida yana matse mutum kamar kurkuku, bango na kusa, ƙofa na kusa, babu wurin gudu. A waje kuwa, lokacin da yaran suka gangaro tsakiyar babban titi a jere da yamma, motoci na wucewa dama da hagu, sai wannan ƙaramin hoto ya zama kamar ya ishi duniya. Yawancin yaran kantin ba 'yan fim ba ne, masu zamiya ne na gaske da aka ɗauko, kuma ana ganin haka a yadda suke riƙe allo kamar wata gaɓa ta jikinsu. Hirarsu cike take da ashar da zagi da maganganun wauta a kan launin fata da mata. Wasu masu sharhi sun ƙyamaci wannan, ni kuwa ina ganin da an wanke bakinsu da an yi mana ƙarya. Abin tambaya shi ne ko fim ɗin ya san bambancin nuna abu da yarda da shi, kuma a mafi yawan lokaci ya sani.

Wurin da na fi so babu magana a cikinsa. Ray, wanda Na-kel Smith ya fito a matsayinsa da natsuwar da ba a koya a makaranta, ya ba Stevie sabon allo, ya zauna yana haɗa masa da hannunsa. Ya shimfiɗa baƙar takardar nan mai kaushi da ke riƙe tafin ƙafa, ya goge gefenta, ya bi da reza ya yanke abin da ya yi saura, ya ɗaura ƙarafan tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Stevie yana zaune yana kallon hannuwan. Kyamara ba ta gaggawa. A iya ganina wannan ne karo na farko a fim ɗin da wani babba ya ɓata lokacinsa a kan yaron ba tare da ya nemi komai ba, ba jini, ba aike, ba sata. Daga baya Ray ya same shi a bayan kanti cikin ɓacin rai, ya buɗe masa abin da kowa yake ɓoyewa: Ɗan Aji Huɗu ko safa ba ya iya saya, Ruben yana gudun komawa gida saboda mahaifiyarsa tana shaye-shaye tana dukansu, shi kansa Ray mota ta kashe ƙanensa, kuma Olan ne ya zo ya janye shi daga ɗaki ya mai da shi kan allo. A nan rubutun ya ɗan fito fili da yawa, kamar marubucin ya gaji da nuni ya koma bayani. Amma ya warware wani abu: Ray wa ne da ya rasa ƙane, Stevie ƙane ne da bai sami wa ba.

Sai Ian. Lucas Hedges ya yi wasan da ya fi kowanne wahala, domin an ba shi mutum marar kalmomi. Kullum yana ɗaki, yana ɗaga ƙarfe, yana shan ruwan lemo daga jarka, ba mu taɓa ganinsa da aboki ba. Ranar da suka yi karo da Olan a titi, Olan ya tsaya masa a fuska yana zaginsa, sai ga dodon gida ya sunkuyar da kai ya wuce, kuma ƙanensa yana kallo. Na san wannan kunya. Wanda duniya ta raina a waje yakan dawo gida ya nemi wanda ya fi shi rauni, kuma ba ya yafe wa wanda ya ga asirinsa. Daren da Stevie ya dawo a buge ya faɗa masa a fuska cewa ba shi da aboki ko ɗaya, Ian ya doke shi, sa'an nan ya zube a ƙasan kicin yana kuka yana ihu kamar ƙaramin yaro. Ban ji daɗin wannan wuri ba, ban kuma iya kawar da kai ba. Fim ɗin bai wanke Ian ba, kuma da ya wanke shi da na raina shi.

Inda na rabu da Hill shi ne a kan mata da kuma a kan ƙarshe. Katherine Waterston ƙwararriya ce, amma Dabney da aka ba ta rabin mutum ce. Mun ji ta haifi Ian tana da ƙuruciya, mun ji daga bakin Ian cewa a da rayuwarta daban take, mun ga wani baƙon namiji yana fitowa daga ɗakinta. Amma ba a taɓa nuna mana abin da take ji idan ana dukan ɗanta a bayan bango ba. Ranar da ta ja Stevie zuwa kantin ta yi wa samarin kashedi, an tsara wurin ne yadda za mu ji kunya tare da yaron, alhali duk abin da ta faɗa gaskiya ne: ɗan shekara 13 ne, suna ba shi giya da taba da ƙwaya. Haka nan wurin bikin da wata budurwa da ta girme shi, Estee, ta ja shi ɗaki. Kyamara ta nuna tsoronsa, wannan gaskiya ne, kuma rushewarsa a gida ta biyo baya a daren. Sai dai da ya fito samarin suka yi masa tafi, fim ɗin ya tsaya cikin tafin ya daɗe, bai kuma sake waiwayar abin ba. Da yarinya ce 'yar shekara 13 da saurayi babba, babu mai shakkar sunan da za a kira abin da shi.

Ƙarshen ya fi damuna. Bayan wani taro a bayan kanti inda komai ya lalace, Olan ya kunyata Ray a gaban ƙwararrun da yake fatan su ɗauke shi, Stevie da Ruben suka dambace, sai Olan ya dage shi zai tuƙa su alhali a buge yake. Ray, mai hankalin cikinsu, wanda mota ta kashe wa ƙane, ya yarda, aka sa Stevie a kujerar gaba. Motar ta kife. Wannan ita ce faɗuwa ta biyu a mafi munin siffarta, kuma a wannan karo ba yaron ne ya zaɓe ta ba, waɗanda ya amince wa ne suka jefa shi. Me ya biyo baya? Dabney ta fito ta tarar da samarin suna barci a kujerun asibiti, zuciyarta ta yi sanyi, ta ce su shiga su gan shi. Ba a nuna ɗan sanda ba, ba a nuna tuhuma ba, ko kalmar ban haƙuri mai nauyi ba mu ji ba. Kwana a asibiti alama ce ta ƙauna, ban musa ba. Amma uwar da aka kusa kashe wa ɗa ba ta sauka da sauri haka, sai in marubuci ne yake son ta sauka don ya kai ga rufewa mai daɗi.

A shekarar da Mid90s ya fito, Bing Liu ya fitar da Minding the Gap, fim na gaskiya a kan abokansa masu zamiya a garin Rockford na jihar Illinois. Shi ma a kan yaran da suka gudo daga dukan gida zuwa kan allo yake magana. Bambancin shi ne Liu ya bi su har suka girma, ya nuna yadda ɗaya daga cikinsu ya fara maimaita abin da ya gudo daga gare shi, ya kuma zaunar da mahaifiyarsa gaban kyamara ya tambaye ta abin da ta sani. Liu ya yi tambayar da Hill ya kauce wa. Hill yana ƙaunar yaran nan ƙwarai, kuma ƙaunar ce ta ba fim ɗin ɗumi, ita ce kuma ta ɗaure masa hannu lokacin da ya kamata ya bi su bashi.

Duk da haka akwai abin da ya hana ni yanke hukunci gaba ɗaya. A gefen gadon asibiti Ray ya gaya wa Stevie cewa bai taɓa ganin mai shan wuya kamarsa ba, kuma ba dole ne ya yi hakan ba. Wannan ita ce maganar da yaron yake bukata tun daga hoton farko, ko da yake ta fito daga bakin wanda ya bar shi ya shiga motar. Sa'an nan Ɗan Aji Huɗu, wanda kowa ya ɗauka wawa ne, ya haɗa kyamararsa da talabijin ya nuna musu abin da ya daɗe yana ɗauka. Ga su nan suna dariya, suna tsalle, rana na haskawa, waƙar Pharcyde na tashi, kuma sunan ɗan fim ɗin nasa Mid90s. Babu burushi a ciki, babu waya a wuya, babu lungun gida, don mai kyamarar bai taɓa ganinsu ba. Mai yiwuwa Hill yana shaida wa kansa ne a nan, yana cewa haka tunawa take yanka zare, kuma shi ma abin da ya yi ke nan. Mai yiwuwa kuma ni ne nake ba shi uzurin da bai nema ba. Na kalli wurin sau uku, kowane karo da ra'ayin da nake tashi.

Kafin samarin su shigo, akwai wani ɗan wuri da bai kai minti ɗaya ba. Stevie ya farka ya ga Ian zaune a gefen gado. Babu wanda ya ce komai. Ian ya miƙa masa ruwan lemo, irin wanda muka saba ganinsa yana sha shi kaɗai, yaron ya karɓa ya sha. A daren da na fara kallon fim ɗin na dakatar da shi a nan, na ɗauki waya na kira ƙanena, wanda yanzu magidanci ne da 'ya'ya biyu a wani gari. Ya ɗauka da muryar barci ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ya iyali, ya aiki. Muka yi maganar tsadar mai da ciwon ƙafar Inna, ya ce zai shigo da Sallah in Allah ya yarda, muka yi sallama.